Yadda dokar kaso 13 ta raba Kuros Riba da rijiyoyin mai 76

Sashe na 162 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya tanadi cewa a kuɗin da ma'adinan ƙasa ke zubawa Asusun Tarayya, za a mayar wa jihar da aka haƙo su aƙalla kaso 13 cikin ɗari kafin a raba saura. A tsarin mulkin 1963 rabi cur ake bai wa yankin da arzikin ya fito, abin da ya sa har gobe mutanen Neja Delta ke ganin an tauye su. Rigima kuwa ta taso ne kan man da ake haƙowa a cikin teku: na wace jiha ce?

A watan Afrilun 2002 Kotun Ƙoli ta ce iyakar jiha ba ta wuce inda ruwan teku ke tsayawa idan ya ja baya ba, duk abin da ke gaba na Tarayya ne. Akwa Ibom ce ta fi jin jiki, domin yawancin manta a ruwa yake, kuma gwamnanta Victor Attah ya tayar da jijiyar wuya. Sai aka yi dokar 2004, wadda ta ce rijiyar da ke wurin da zurfin teku bai wuce mita 200 ba za a lissafa ta cikin rabon jihar da ke gaɓar. Jihohin Arewa 19 da wasu na Kudu maso Yamma sun kai ƙara, kotu ta kore ta a 2005.

To, dokar tana da sharaɗi guda: sai jiha tana taɓa teku. Nan Kuros Riba ta shiga uku. Tun a 1987 aka cire Akwa Ibom daga jikinta, aka tafi da mafi yawan gaɓarta, ya rage mata Bakassi, yankin bakin teku da ke kan iyaka da Kamaru. A Oktoban 2002 Kotun Duniya ta bai wa Kamaru Bakassi, aka kuma kammala miƙa shi a Agustan 2008. Hukumar rabon arzikin ƙasa, RMAFC, ta duba taswira ta ce Kuros Riba ba ta da fuska ga teku kuma, ta mayar da rijiyoyi 76 lissafin Akwa Ibom. Gwamnan Kuros Riba Liyel Imoke ya garzaya Kotun Ƙoli yana ja da gwamnatin Godswill Akpabio ta Akwa Ibom, amma a Yulin 2012 alƙalai suka ce wanda bai da gaɓa ba ya da haƙƙin rijiyar teku.

A shari'ance hukuncin bai kauce wa doka ba. A ganina dai akwai zalunci a cikin lamarin, domin ba Kuros Riba ce ta sa hannu a yarjejeniyar Greentree ta 2006 kan miƙa Bakassi ba, Gwamnatin Tarayya ce ƙarƙashin Obasanjo, amma jihar ce ta rasa ƙasa, ta rasa kuɗi, aka kuma bar ta da ɗawainiyar masunta da suka taso daga Bakassi. Jiragen ruwa na shiga tashar Kalaba, babban birnin Kuros Riba, daga teku har yanzu, shi ya sa 'yan siyasar jihar ba su daina neman a sake auna wuraren da rijiyoyin suke ba, Akwa Ibom kuma na cewa Kotun Ƙoli ta riga ta rufe magana.