Waiwaye: Yaƙin Kamaru na 1914 da iyakar da ya bari

Jamus ta kafa tutarta a Duwala a 1884, ta riƙa kutsawa arewa har ta haɗiye mafi yawan ƙasar Adamawa, aka bar fadar Lamiɗo a Yola a hannun Ingila. A 1911 kuma Faransa ta yanka wa Jamus wani makeken yanki daga Kwangonta don a sakar mata mara a Maroko. Abin ya tsaya wa Faransawa a rai. Ingila kuwa tashar jirgin ruwan Duwala take haƙo. Saboda haka da yaƙi ya ɓarke a Turai a watan Agustan 1914, ba a ɓata lokaci ba.

Rundunonin Ingila suka taso daga Nijeriya, ɗaya daga Yola ta nufi Garwa, wata daga Barno ta nufi Mora. Turawa ne hafsoshi, amma masu riƙe bindiga da 'yan dako a kowane ɓangare baƙar fata ne, kuma a rundunar Nijeriya da Hausa ake ba da oda. Karon farko a Garwa bai yi wa Ingila daɗi ba, har kwamandan rundunar ya rasa ransa. Sai a watan Yunin 1915 garin ya faɗi. Duwala tun Satumban 1914 ta tafi, Yawunde ta bi a Janairun 1916, Jamusawa suka tsallaka zuwa Gini ta Sifaniya, wato Ikwatoriyal Gini ta yau.

Mora ce ta gagara. Kwamandan Jamusawan garin, Kyaftin von Raben, ya hau dutse da sojojinsa 'yan ƙalilan, aka yi musu ƙawanya kusan shekara ɗaya da rabi. Abinci ya ƙare, suka yanka dawakai da jakunansu suka ci. Sai 18 ga Fabrairun 1916 ya miƙa wuya, bayan ya ji cewa sauran Kamaru duk ta faɗi.

Rabon ganima bai tsaya jin ta bakin kowa ba. Faransa ta ɗauki kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta riƙe siririn yanki a gefen Nijeriya. Garwa da Ngaundare suka koma hannun Faransa, Yola ba ta sake haɗuwa da su ba.

A ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, arewacin yankin Ingila, su Mubi da Dikwa, ya zaɓi Nijeriya, aka raɗa masa suna Lardin Sardauna. Kudanci ya zaɓi Kamaru, kuma can ne rikicin masu magana da Ingilishi ya tashi a 2016.