Wane magani zan fesa wa mangwaro da lemo? Amsoshin tambayoyin 'yan jinena

Mu nan Mai Wurno da Sinja a Sudan duk wanda ke da jinena, wato lambu, a bakin kogi yana da irin tambayoyin nan, to ga abin da na sani.

Tambaya: Mangwarona da gwaiba sai ka fasa ka ga tsutsa a ciki, wane mubid, wato maganin ƙwari, ne mafi ƙarfi?

Baba ka bar maganar ƙarfi tukuna. Wannan aikin ƙudan 'ya'yan itace ne, macen ke huda ɓawo ta zuba ƙwai a ciki, tsutsar ta ƙyanƙyashe tana ci daga ciki, to feshin da ka yi a waje ta ina zai same ta? Mugun cikinsu daga Asiya ya zo, a Kenya aka fara ganinsa a 2003 sannan ya bazu har ya iso mu. In ɗan itacen ya faɗi tsutsar sai ta fita ta shige ƙasa ta zama sabon ƙuda, shi ya sa aikin farko shi ne tsince duk wanda ya faɗi, ka ƙulle a baƙar leda ka bar shi a rana ko ka binne da zurfi kamar rabin mita. Na san da gajiya, yara ma ba sa son aikin nan, amma wallahi ya fi feshi uku amfani. Sai ka rataya tarkon methyl eugenol, sinadarin da ƙamshinsa ke jan ƙudan, gorar ruwa ma ta isa in ka huhhuda ta, yana jan mazan ne kawai. Bayan haka akwai maganin yaudara mai spinosad irin GF-120, shi ba a wanke bishiya da shi, ɗan wuri kaɗan ake fesawa a ganye duk mako ƙudan ya zo ya lasa ya mutu. In maƙwabcinka bai yi ba kuwa nasa ƙudan za su tsallako maka, gara ku haɗa kai.

Tambaya: Ganyen lemona ya nannaɗe da wani farin zane kamar hanyar maciji.

Tsutsa ce mai bin cikin sabon ganye. Ƙananan dashe take wahalarwa, nan abamectin yana aiki lokacin sabon toho. Babbar bishiya ba ta cika damuwa ba, ka adana kuɗinka.

Tambaya: Ganye ya yi danƙo ya yi baƙi, ga tururuwa tana hawa da sauka?

Juya ganyen ka duba bayansa, za ka ga darɓa ko wasu fararen ƙwari kamar auduga. Su ke tsotsar ruwa suna zubar da zaƙi, baƙin nan a kan zaƙin yake fitowa, tururuwa kuma gadinsu take saboda shi. Man feshi na bishiya ko ruwan 'ya'yan dogonyaro sun wadatar in abin bai yi yawa ba. Kar ka raina dogonyaro fa, a nan Sudan a 1959 wani Bajamushe Schmutterer ya lura fara ta cinye komai ta bar shi. Sai dai kar ka fesa mai da tsakar rana, zafinmu zai ƙona ganyen, kuma kar ka haɗa shi da farar wuta.

Tambaya: Fure yana yin fari kamar an barbaɗa gari yana zubewa.

Wannan ciwo ne ba ƙwari ba, maganin ƙwari ba ya taɓa shi, farar wuta ake sa masa. Kuma lokacin fure ka yi nesa da maganin ƙwari, ƙudan zuma da sauran masu kai barbara za ka kashe.

Tambaya: In na je shago me zan duba a kwalba?

Sunan sinadarin, don sunan kasuwa goma na iya zama abu ɗaya. Sai ranar lalacewa, sai layin launi a ƙasan takarda: ja ya fi haɗari, sai ɗorawa, sai shuɗi, kore ya fi sauƙi. Sai kwanakin jira tsakanin feshi da tsinka, in an rubuta 14 to 14 ne ko da dillali na tsaye da mota. Wanda aka ɗura a gorar lemo ba takarda kuwa ko kyauta ne ka bar masa abinsa. Kuma ka riƙa sauya sinadari, in kullum ɗaya ne ƙwarin za su saba.

Tambaya: In na ƙara murfi biyu kan abin da aka rubuta fa?

A'a kawu, ƙona ganye ne da asarar kuɗi. Auna daidai, sa takunkumi da safar hannu, fesa da sassafe ko yamma ba iska, kuma kar a wanke tulumba, wato famfon feshi, a bakin kogi inda ake ɗibar ruwan sha.