Ganin wata ko lissafi? Amsar tambayoyin da ake maimaitawa duk shekara

Da zarar Sha'aban ko Ramadan ya kai kwana 29, sai tambayoyin bara su dawo kamar ba a taɓa amsa su ba. Ga su nan wuri ɗaya. A karanta kafin a sake turowa.

Wata kwana nawa ne?

29 ko 30. Daga haihuwar wata, wato lokacin da ya shiga tsakanin duniya da rana, zuwa wata haihuwar, matsakaicin lokaci kwana 29 ne da awa 12 da minti 44. Wannan rabin kwanan shi ya sa wani watan ke cika, wani ya yi nuƙusani.

Masu lissafin wata ba 'yan duba ba ne?

A'a. Ɗan duba yana da'awar sanin gaibu, mai ilimin falaki kuwa tafiyar rana da wata yake aunawa. Jadawalin lokutan sallah da ke manne a bangon masallacinku da wannan lissafin aka yi shi, kuma da shi kake shan ruwa ranar da hadari ya rufe yamma. Ba ka taɓa kiran ladaninku boka ba.

Wa ke da ikon cewa wata ya tsaya?

A Najeriya, Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, wanda kuma shi ne shugaban Majalisar Ƙoli ta Harkokin Addinin Musulunci. Akwai kwamitin duban wata da ke tace rahoto kafin ya isa gare shi. Nijar tana da majalisarta da ke yi mata sanarwa, Saudiyya kuma Kotun Ƙoli ce. Mafi yawan rigimar da ake yi da sunan ido da lissafi a kan wannan ikon take. Wanda maganarsa ta tsayar da wata shi ya rufe kasuwa, ya sa ranar hawan sallah, ya cika filin idi. Malamin da ya fito da almajiransa idi kwana ɗaya kafin kowa, ya sani ko bai sani ba, yana faɗa wa gari ne cewa bai yarda da shugabancin mai sanarwar ba.

Saudiyya ta gani, me muke jira?

Muna jiran namu shugaban. Tambayar ma tsohuwa ce. A Sahihu Muslim, Kuraib ya ga wata a Sham daren Juma'a, Mu'awiya da mutane suka ɗauki azumi. Da ya koma Madina ya gaya wa Ibn Abbas, sai ya ce su daren Asabar suka gani, kuma da nasu ganin za su yi aiki. Malamai sun saɓa a kan iyakar wannan hukunci, wasu na ganin ganin gari ɗaya ya wadatar wa kowa. Abu ɗaya dai a riƙe: rana tana faɗuwa a Sakkwato sama da awa biyu bayan Makka, don haka jinjirin ya ƙara girma kafin ya iso mana. In da gaske an gan shi da ido a can, nan ya fi sauƙin gani, sai in hazo ko hadari ya hana. Kuma kalandar Saudiyya ta Ummul Ƙura da ake yawo da ita ta lissafi ce, ba shaidar gani ba ce.

Na ga wata da idona, amma ba a sanar ba. Ya zan yi?

Wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna. Da farko ka kwantar da hankalinka, ba wanda ya ce ka yi ƙarya. Mutumin kirki yakan rantse a kan abin da idonsa ya ruɗe shi da shi. Hayaƙin da jirgin sama ya bari, siririn gajimare da jan almuru ya haska, har tauraruwa Zara cikin hazo, duk sun sha yaudarar masu duba, musamman wanda ya fito da niyyar sai ya gani.

Saboda haka ka tuhumi ganin naka kafin wani ya tuhume ka. Ƙarfe nawa ka gan shi? Jinjirin daren farko ba ya daɗewa bayan rana ta faɗi. Ka miƙe hannu ka dunƙule shi: faɗin dunƙulen kamar digiri 10 ne, kuma abin da ya ɗaga digiri 10 daga inda sama ta haɗu da ƙasa zai faɗi cikin kamar minti 40. Wanda ya ce ya gan shi bayan isha'i a daren 29, wani abin ya gani. A ina yake? Dole ya kasance kusa da inda rana ta faɗi, gefensa mai haske na fuskantar ranar, shi ya sa a ƙasashenmu yakan zauna kamar ƙwarya, ƙahonsa na kallon sama. Ka nuna wa na kusa da kai ya gani? Ka ɗauke kai ka sake samunsa? Sannan ka tambaya yaushe aka haifi watan. In tazararsa da rana ba ta kai wajen digiri 7 ba, babu hasken da ido zai kama, kuma mafi ƙanƙantar jinjirin da aka tabbatar an gani da ido tsirara ya kai wajen awa 15 da rabi da haihuwa.

In duk wannan ya daidaita, ka kai rahoto a daren: mai unguwa ko limami, zuwa hakimi, zuwa fadar sarki. Ka faɗi sunanka, wurin da ka tsaya, lokacin, da waɗanda ke tare da kai. Facebook ba fada ba ce.

Hukuncin kanka kuwa, a nan sai a yi hattara. A mazhabar Malikiyya wata yana tabbata ga jama'a da adilai biyu, ko da taron da ba zai yiwu su haɗu a kan ƙarya ba. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna karɓar adili ɗaya a watan Ramadan. Wanda ya ga na Ramadan shi kaɗai aka ƙi shaidarsa, a Malikiyya azumi ya hau kansa shi. Wanda ya ga na Shawwal shi kaɗai, abin da ke cikin Mukhtasar Khalil, littafin fiƙihun Malikiyya, shi ne ba zai ci abinci ba. Akwai malaman da suka ce a duka biyun ya bi jama'a kawai. Wanne za ka ɗauka ya danganta da yadda ka tabbata da kuma malamin da kake karatu a wurinsa, don haka ka je gare shi da bayanan nan. Amma ba maganar da ta ba ka izinin tara unguwa ka ja su idi.

Dubi girmansa! Ai wannan ya kwana biyu, an ci mana azumi.

Ba a ci muku komai ba. Wata yana nisantar rana da kamar digiri 12 kullum. In jiya ya gaza ganuwa da kaɗan, yau zai fito da girma ya daɗe a sama. An yi wannan musun a gaban Ibn Abbas, wasu na cewa ɗan kwana biyu ne, wasu uku, ya ce na daren da kuka gan shi ne.

An turo hotonsa a WhatsApp.

Hoton wace shekara, wane gari? Goge shi.

To me ya hana a koma lissafi a huta?

Turkiyya ta koma. Malamin hadisin Masar, Ahmad Shakir, ya yi kira ga hakan tun 1939. Masu ƙi kuma suna da hujja mai ƙarfi: hadisi ya rataya azumi da shan ruwa a kan gani, ya ce in an rufe muku shi ku cika talatin, kuma Khalil ya ce ba a tsayar da wata da maganar mai lissafin taurari. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba. Gani kowa na iya yi, makiyayi a ruga na iya zama shaidar da ƙasa za ta yi azumi a kanta, lissafi kuwa yana mayar da maganar hannun masana kaɗan.

Hanyar da ta fi kama hankali ita ce ta Imam Subki, malamin Shafi'iyya da ya rasu a 756 bayan Hijira: lissafi ya kore shaidar da ba za ta yiwu ba, ido ya tabbatar da wadda za ta yiwu. Ranar Litinin 8 ga Afrilu 2024, 29 ga Ramadan, an yi husufin rana da miliyoyi suka kalla a Meziko da Amurka da Kanada. Husufin rana shi ne haihuwar wata a bainar jama'a, kuma ya kai tsakiyarsa bayan ƙarfe 7 na dare agogon Najeriya, rana ta riga ta faɗi a nan. Fadar Sarkin Musulmi ta ce a cika talatin, aka yi sallah Laraba. Duk da haka an samu wuraren da suka sauko idi ranar Talata.