Hawan doki don jinya ba shagalin yara bane

Mutane in suka ji ana ɗora marasa lafiya kan doki a Ingila ko Amurka sai suce ai shagalin yaran masu kuɗi ne. Wallahi ba haka bane. Takun doki a hankali yana juya ƙugun mahayi kusan yadda tafiyar ƙafa ke yi, shiyasa likitocin fisiyo, wato masu jinya ta hanyar motsa gaɓɓai, ke ɗora yaron da lalurar ƙwaƙwalwa ta hana shi zama daram, mutum ɗaya na jan dokin, biyu na tallafe da yaron gefe da gefe. Harda manya fa, masu shanyewar ɓarin jiki da tsoffin sojojin da firgicin yaƙi ya hana barci. Lis Hartel 'yar Denmark, shan inna ya taɓa mata ƙafafu amma taci lambar azurfa akan doki a gasar Olympics ta 1952, daga nan likitoci suka ƙara maida hankali kan abin.