Ba Gwamna Ke Ba Da Izinin Sauraron Wayarka Ba

Tun da aka katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, jama'a da dama a Gusau da Ƙaura Namoda suka ɗauka wayar talaka a hannun gwamnati take, duk wanda ta ga dama sai ta saurare shi. Ba haka doka ta ce ba.

Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin gidanka, wasiƙunka da hirarka ta waya. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan haƙƙi saboda tsaro, amma sai da doka, ba da umarnin baki ba. Ƙa'idojin hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, wato NCC, na 2019 sun ce hukumar tsaro, irin su DSS, sai ta samu takardar izini daga alƙali kafin ta saurari kira. In rai na cikin haɗari tana iya farawa, amma dole ta nemi izinin cikin awa 48.

Na san ciwon 'yan bindiga, kusan kowane gida a nan ya ɗanɗana. Shi ya sa nake so a bi ta kotu, domin kunnen da aka kafa wa ɓarawon daji yau, in babu mai tsawatarwa, gobe kan ɗan jarida ko ɗan adawa zai koma.