Waiwaye: Yadda aka kai ga gwada haske wajen magance kumburin jijiyoyin maƙoshi

Idan hanta ta ƙandare, jinin da ke tasowa daga hanji ba ya samun hanyar ratsa ta cikin sauƙi. Sai ya nemi ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyin da ke ƙasan maƙoshi, wato bututun da abinci ke bi zuwa tumbi. Jijiyoyin nan su kumbura, bangonsu ya yi siriri, ranar da ɗaya ta fashe sai aman jini mai iya kashe mutum cikin sa'o'i. A ƙasashenmu ciwon hanta nau'in B ne kan gaba wajen jawo wannan, sai kuma tsutsar tsargiya mai kama hanji da hanta, wadda ta daɗe tana addabar manoman rani a Jazira ta Sudan.

Likitoci sun daɗe suna fama. A 1939 wasu likitocin Sweden biyu, Crafoord da Frenckner, suka fara yi wa jijiyar allurar da ke sa ta toshe. A 1950 aka zo da bututun Sengstaken da Blakemore, wanda ake hura wa iska ya danne wurin da ke zubar jini. A farkon shekarun 1980 Lebrec a Faransa ya nuna cewa ƙwayar propranolol na rage matsin jinin, sannan Stiegmann a Amurka ya fito da ɗaure jijiyar da zoben roba a 1986. Ɗaurin nan shi ne ya zama abin dogaro har yau. Matsalarsa ita ce jijiyoyin kan dawo, kuma sababbin da ke ɓullowa kan yi ƙanƙanta har zobe ya kasa kama su.

Shi kuwa magani da haske ta wata hanya daban ya biyo. A 1900 wani ɗalibi a Munich, Oscar Raab, ya lura cewa wani rini yana kashe ƙananan halittun ruwa idan haske ya same shi. Sai a shekarun 1970 Thomas Dougherty a Buffalo ya mayar da wannan makami kan ciwon daji. Ana zuba sinadarin cikin jini, a haska wurin da leza, wato wani tsinin haske mai ƙarfi, sinadarin ya sa iskar oksijin ta rikiɗe ta ƙone ƙwayoyin halittar da ke kusa. Amurka ta amince da wani irin wannan sinadari mai suna Photofrin don dajin maƙoshi a 1995.

Abin da ya jawo hankali shi ne yadda hanyar ke lalata bangon jijiya daga ciki har jini ya daskare ya rufe ta. Da haka wani sinadarin mai suna verteporfin ke rufe miyagun jijiyoyin bayan ido tun 2000, da haka kuma likitocin China ke disashe jan tabon haihuwa a fata. Daga nan ne wasu likitoci a Beijing suka gwada ta a kan jijiyoyin dabbobi, sannan a kan marasa lafiya ƙalilan, suna harin ƙananan jijiyoyin maƙoshi da ke fitowa bayan an gama da manyan.

A ganina tunanin yana da ma'ana, domin ya nufi daidai gurbin da ɗauri ya bari. Amma gwaji ne ƙarami, kuma bai shiga ƙa'idojin da masana hanta ke fitarwa a taronsu na garin Baveno a Italiya ba, inda har yanzu ƙwayoyin rage matsin jini irin su carvedilol da ɗaurin roba ke kan gaba. Hanyar hasken ba ta da amfani ga wanda jini ke kwarara a lokacin. Tana buƙatar leza da sinadari mai tsada, kuma wanda aka yi wa Photofrin dole ya guji rana na tsawon wata guda ko fiye, abin da zai yi wa manomi ko ɗan kasuwa wuya ƙwarai.