Shaidar zur a gaban kotu: abin da doka ta tanada

Duk wanda ya rantse a gaban kotu cewa zai faɗi gaskiya, sannan ya faɗi abin da ya san ba haka yake ba, ya aikata shaidar zur, kuma laifi ne mai zaman kansa da za a iya gurfanar da shi a kai ko da shari'ar farko ta riga ta ƙare. Ba sai ya dafa littafi mai tsarki ba. Wanda ya zaɓi yin alkawarin faɗin gaskiya maimakon rantsuwa, da wanda ya sa hannu a takardar rantsuwa, duk doka tana hawa kansu.

Sai dai ba kowace magana marar daidai ce shaidar zur ba. Shaidan da ya ce motar fara ce alhali ruwan toka ce, don haka idonsa ya nuna masa cikin duhu, kuskure ya yi. Wajibi ne mai gabatar da ƙara ya tabbatar cewa da gangan aka yi ƙaryar, kuma a ƙasashe da yawa sai ta shafi abin da zai iya sauya sakamakon shari'ar. A 1973 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke, a shari'ar Bronston, cewa amsar da lafazinta gaskiya ne ba shaidar zur ba ce ko da an yi ta don a ɓatar da hankali, domin aikin lauya ne ya matsa da tambaya. A Ingila kuwa, shaidar mutum guda ba ta isa a kama wani da wannan laifi sai da wata hujja mai ƙarfafa ta. Wannan tsauri, a ganina, shi ya sa masu ƙarya a kotu suka fi waɗanda ake hukuntawa yawa nesa ba kusa ba.

Hukuncin ya bambanta. Dokar tarayyar Amurka ta tanadi ɗaurin da zai kai shekara 5, dokar Ingila ta 1911 shekara 7, yayin da a Najeriya zai iya kaiwa shekara 14, har ma ɗaurin rai-da-rai idan an shirya ƙaryar don a kama wani da laifin da hukuncinsa kisa ne. Muƙami ba ya kare mutum: a 1999 an ɗaure tsohon ministan Birtaniya Jonathan Aitken wata 18. Wanda ya sa shaida ya yi ƙaryar, da kuɗi ko da barazana, shi ma doka ba ta ƙyale shi ba.